BABI NA HUƊU: TARKEN FIM ƊIN LIFESAVER VR A MATSAYIN MALAMIN FARFAƊO DA ZUCIYA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar fasahar kamar-gaske, wato fasahar nan da ake ɗaura wa mutum wani tabarau mai rufe ido ruf, ya riƙa ganin kansa a cikin wani wuri da aka shirya da kwamfuta, duk inda ya waiga hoton ya bi shi. A wannan babi kuwa za a ɗauki misali guda ɗaya a yi masa tarke, domin a ga ko wannan fasaha ta isa ta koyar da aikin farfaɗo da zuciya da numfashi. Misalin shi ne fim ɗin Lifesaver VR, wanda Majalisar Farfaɗo da Zuciya ta Birtaniya ta fito da shi a shekarar 2017.

An zaɓi wannan fim saboda dalilai biyu. Na farko, an shirya shi ne domin gama-garin mutane waɗanda ba su da wani ilimin asibiti, kuma su ne galibi suke kusa a lokacin da zuciyar wani ta tsaya. Na biyu, an taɓa yi masa gwaji na ƙa'ida, aka kwatanta shi da koyarwar malami, aka buga sakamakon da alƙalumansa. Ke nan akwai abin dogaro wajen yanke masa hukunci.

Za a duba jigon fim ɗin, da zubi da tsarinsa, da kuma salonsa, kamar yadda aka saba yi wajen nazarin wasan kwaikwayo. Sai dai ya kamata a lura tun daga farko cewa fim ne na koyarwa. Saboda haka babban ma'auninsa shi ne abin da ɗalibi zai iya aikatawa bayan ya cire tabarau daga fuskarsa.

4.1 Ma'aunin Tarke

Kafin a auna malami, wajibi ne a san darasin da aka ɗora masa. Tsayawar zuciya ita ce zuciya ta daina harba jini farat ɗaya, sau da yawa saboda rikicewar lantarkin da ke tafiyar da bugunta. Wanda abin ya sama yakan yanke jiki ya faɗi, ba ya amsa kira, ba ya numfashi yadda aka saba. Ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa cikin mintuna kaɗan saboda rashin iskar da jini ke kai mata. A Birtaniya, inda aka shirya fim ɗin, ana ƙoƙarin farfaɗo da mutum fiye da 30,000 a kowace shekara waɗanda zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, amma waɗanda ke rayuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Abin da ake buƙata daga wanda ke kusa shi ne ya gane abin da ya faru, ya nemi agaji ta waya, sannan ya durƙusa ya ɗora gindin tafin hannunsa a tsakiyar ƙirjin, ya ɗora ɗaya hannun a kai, ya miƙe gwiwoyin hannu, ya riƙa dannawa. Ƙa'idar da masana suka amince da ita ga baligi ita ce dannawa 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin kowace dannawa santimita 5 zuwa 6, tare da sakin ƙirji ya dawo daidai bayan kowace dannawa. Wanda ya sami horo yakan hura numfashi sau 2 bayan kowace dannawa 30. Idan akwai na'urar girgiza zuciya da lantarki a kusa, sai a ɗauko ta a bi umarnin da take bayarwa.

Amfanin wannan aiki ba abin musu ba ne. Wani bincike da aka buga a shekarar 2015, wanda ya duba mutum fiye da 30,000 a ƙasar Suwidin, ya nuna cewa kashi 10.5 cikin ɗari na waɗanda aka danna wa ƙirji kafin isowar motar asibiti suna raye bayan kwana 30, alhali kashi 4 ne kawai suka rayu cikin waɗanda ba a danna wa ba.

Daga wannan bayani za a iya fitar da ma'aunai uku da za a auna kowane irin malami da su:

(a) Sani: ko ɗalibi ya gane alamomin tsayawar zuciya da jerin matakan da ake bi.
(b) Ƙarfin hali: ko ɗalibi zai iya matsowa ya sa hannu maimakon ya tsaya kallo.
(c) Ƙwarewar hannu: ko dannawarsa ta cika sauri da zurfin da ake buƙata.

4.2 Malamin da Aka Gada da Sabon Malami

A shekarar 1960 ne wasu masana uku na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, wato Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka buga bayanin cewa ana iya zagaya da jini ta hanyar danna ƙirji daga waje ba tare da an tsaga shi ba. Kafin wannan lokaci kaɗan, Peter Safar da James Elam sun tabbatar da amfanin hura numfashi baki da baki. Da aka haɗa dabarun biyu sai matsalar koyarwa ta taso, domin ba a iya gwada danna ƙirji da ƙarfi a kan lafiyayyen mutum. Wani maƙerin kayan wasan yara na ƙasar Norwe mai suna Asmund Laerdal ya ƙera mutum-mutumin roba da ake kira Resusci Anne, wanda ya fito a 1960. Tun daga lokacin, koyar da farfaɗo da zuciya ya tsayu a kan abubuwa biyu, wato malami da mutum-mutumi.

Wannan hanya tana da tsada. Tana buƙatar malami mai horo, da ɗaki, da mutum-mutumi, da kuma lokacin da ɗalibi zai baro aikinsa. Giɓin da masu shirya Lifesaver suka so cikewa ke nan. A 2013 suka fito da fim na farko, wanda Martin Percy ya ba da umarni, ana kallonsa a kwamfuta ko wayar hannu. A 2017 aka fito da Lifesaver VR, wanda ake saka waya a cikin tabarau mai rahusa, har da irin na kwali, a ɗaura a fuska. An bayar da shi kyauta. Ɗalibi ba ya buƙatar kowa da komai face waya da tabarau da matashin kai.

4.3 Jigo

Babban jigon fim ɗin shi ne cewa ran wanda ya faɗi yana hannun na kusa da shi, kuma na kusa ɗin nan shi ne mai kallo. Labarin gajere ne. Wani matashi ya yanke jiki ya faɗi a tsakanin abokansa, sai aka wayi gari babu likita, babu babba, sai su kaɗai. Ba a ajiye mai kallo a gefe ba. An saka shi a matsayin ɗaya daga cikin abokan, kuma shi ake jira ya yanke shawara.

Zaɓen matashi a matsayin wanda ya faɗi dabara ce mai kyau. Mutane da yawa suna ɗaukar ciwon zuciya abin tsofaffi ne, don haka matasa ba sa ganin darasin ya shafe su. Da aka nuna tsaransu ne a kwance, sai darasin ya zo musu har gida.

Ƙananan jigogin da suka taimaka wajen warwarar babban jigon su ne muhimmancin gaggawa, da illar tsayawa kallo, da kuma raba aiki tsakanin waɗanda ke wurin, wato wani ya kira motar asibiti, wani ya nemo na'ura, wani ya danna ƙirji. Ta fuskar jigo, fim ɗin bai kauce wa koyarwar masana ba, kuma bai cika labarin da abubuwan da za su ɗauke hankali ba.

4.4 Zubi da Tsari

An zuba fim ɗin a kan tsarin tambaya da zaɓi. Labari yakan tafi na ɗan lokaci, sai ya tsaya a gabatar wa mai kallo tambaya game da abin da ya kamata a yi, kuma lokaci yana tafiya. Wanda ya yi kuskure za a nuna masa, a mayar da shi kan hanya. Idan aka zo wurin danna ƙirji, sai ɗalibi ya durƙusa ya riƙa danna matashin kai da ke gabansa. Wayar da ke cikin tabarau tana da ma'aunin motsi, saboda haka tana jin yadda kan ɗalibi ke sauka yana tashi, ta sanar da shi ko ya yi sauri ko ya yi jinkiri.

Wannan tsari ya dace da darasin ta fuska guda. Jerin tambayoyin ya bi jerin matakan agaji ɗaya bayan ɗaya, ta yadda ɗalibi ke haddace matakan ba tare da an ba shi jadawali ya haddace ba. Haka kuma ƙayyade lokacin amsa ya yi kama da ainihin yanayin, inda babu damar dogon tunani.

Sai dai tsarin yana da rauni a nan. A cikin fim, ɗalibi yana zaɓa ne daga amsoshin da aka jera masa. A kan titi kuwa babu mai jera masa amsa. Gane amsa daidai idan an gan ta a rubuce abu ne daban, tuno ta daga ka a cikin ruɗani kuma abu ne daban. Malamin aji yana iya tsayawa shiru ya bar ɗalibi ya lalubo mataki na gaba da kansa. Fim mai tsarin zaɓi ba shi da wannan dama, domin dole ne ya nuna hanyoyin kafin labari ya ci gaba.

4.5 Salo

A wajen salo ne fim ɗin ya yi fice. An yi amfani da 'yan wasa na gaske, ba zanen kwamfuta ba, kuma an ɗauki hoton daga idon mai ba da agaji. Da yake tabarau ya rufe duk abin da ke kewaye, ɗalibi ba ya ganin ɗakinsa, ba ya ganin abokan karatunsa. Abin da yake gani shi ne fuskar wanda ya faɗi da ruɗewar waɗanda ke wurin. Hausawa kan ce gani ya kori ji, kuma a kan wannan ne salon ya ginu.

Idan aka kwatanta da mutum-mutumi za a ga bambancin. Mutum-mutumi a kwance ake samunsa, ba ya faɗuwa a gaban ɗalibi. Ba shi da 'yan'uwa masu kuka, kuma ɗalibi ya san tun kafin ya shigo aji cewa danna shi zai yi. Ke nan an riga an ɗauke masa mataki mafi wuya, wato gane cewa zuciya ce ta tsaya. A zahiri kuwa a nan ake yawan yin asarar lokaci. Mutane da yawa waɗanda zuciyarsu ta tsaya sukan yi wani irin numfashi na gargara a mintunan farko, jefi-jefi, mai kama da minshari. Na kusa sukan ɗauka numfashi ne na gaske, su tsaya jiran mutum ya farfaɗo, alhali alamar tsayawar zuciya ce. Ɗan wasa yana iya kwaikwayon wannan a gaban kyamara, amma roba ba ta iyawa.

Har wa yau, hoton fim yana iya canza wanda ya faɗi, ya zama mace ko tsoho ko mai jiki. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Wani bincike da aka buga a 2018 a Amurka ya nuna cewa a bainar jama'a kashi 45 cikin ɗari na maza ne suka sami mai danna musu ƙirji, mata kuwa kashi 39. Mafi yawan mutum-mutumin da ake koyarwa da su ƙirjinsu a shafe yake, don haka ɗalibi bai taɓa fuskantar nauyin sa hannu a ƙirjin mace ba. Fasahar kamar-gaske tana da damar shirya shi wa wannan yanayi.

Saboda haka, ta fuskar ma'auni na farko da na biyu, wato sani da ƙarfin hali, salon fim ɗin ya ba shi abin da malamin da aka gada ba shi da shi. Saura ma'auni na uku.

4.6 Gwajin Lowlands

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A watan Agusta na shekarar 2019, masu bincike daga asibitin Jami'ar Radboud da ke ƙasar Holan suka kafa rumfa a bikin kaɗe-kaɗe na Lowlands. Suka sami mutum 381, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ya sami horon minti 20 a hannun malami da mutum-mutumi, ɗaya kashin kuma ya sami horon minti 20 da Lifesaver VR da matashin kai. Bayan nan aka gwada kowa a kan mutum-mutumi mai auna dannawa. Nas da abokan aikinsa suka buga sakamakon a mujallar JAMA Cardiology ta shekarar 2020.

Ga abin da aka samu. Wajen sauri, matsakaicin ɗaliban fim shi ne dannawa 114 a minti, na ɗaliban malami kuwa 109. Duka biyun suna cikin ƙa'ida. Wajen zurfi kuwa, matsakaicin ɗaliban fim milimita 49 ne, na ɗaliban malami milimita 57. Waɗanda suka cika ƙa'idar zurfi cikin ɗaliban fim kashi 51 ne cikin ɗari, cikin ɗaliban malami kuwa kashi 75. Haka kuma a makin da aka bayar kan bin matakan agaji gaba ɗaya, ɗaliban fim sun sami 10, ɗaliban malami sun sami 12. Wuri ɗaya da ɗaliban fim suka yi gaba shi ne sakin ƙirji ya dawo daidai, inda suka sami kashi 98, ɗaliban malami suka sami kashi 88.

Mai kare fim ɗin zai iya cewa milimita 49 bai gaza ƙa'idar milimita 50 da komai ba sai milimita ɗaya tak. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Matsakaici yakan ɓoye waɗanda ke ƙasa da shi. Alƙaluman sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane biyu da fim ya horar bai kai zurfin da ake buƙata ba, alhali a wajen malami mutum ɗaya ne cikin huɗu. Wanda ya faɗi kuwa ba matsakaicin aji ne zai durƙusa a kansa ba, mutum ɗaya ne, kuma da zurfin hannun wannan mutum ɗayan ne jini zai kai ƙwaƙwalwa ko ya kasa kaiwa. Game da sakin ƙirji kuma, mai yiwuwa ne nasarar ta samo asali daga gazawar kanta, domin wanda bai danna da nauyin jikinsa ba ba shi da wani nauyi da zai bari a kan ƙirjin.

Wani abin lura shi ne makin bin matakai. Ana iya tsammanin fim ɗin ya fi malami a nan, tunda a wajen jeranta matakai ne tsarinsa ya fi ƙarfi. Amma ɗalibansa sun zo a baya. Wannan ya ƙarfafa abin da aka faɗa a 4.4, cewa zaɓen amsa daga jeri bai kai tuno ta da kai ba.

4.7 Musabbabin Gazawar

Gazawar fim ɗin wajen zurfi ta fito ne daga yadda aka gina shi. Za a iya kawo dalilai uku.

Dalili na farko shi ne matashin kai. Zuciya tana tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya, kuma haƙarƙari ya kewaye ta. Kafin ƙirjin baligi ya sauka santimita 5, sai mai dannawa ya sauke nauyin kafaɗunsa da gangar jikinsa a kai, har wani lokaci haƙarƙari yakan tsage. Aikin yana da gajiyarwa ƙwarai, shi ya sa ake so masu agaji su riƙa canji bayan kowane minti 2. Mutum-mutumi yana da ƙarfe mai lanƙwasa a ciki wanda ke turjewa kusan yadda ƙirji ke turjewa. Matashin kai ba ya turjewa, da ɗan taɓawa ya lotsa. Hannun da ya koyi aiki a kansa ya koyi ƙarfin da bai isa ba.

Dalili na biyu shi ne abin da wayar ke aunawa. Wayar tana kan fuska, ba ta kan hannu, ba ta kuma kan ƙirji. Motsin kai take ji. Daga motsin kai ana iya ƙirga yawan dannawa, amma ba a iya tabbatar da nisan da hannu ya shiga. Shi ya sa sakamakon gwajin ya bi wannan layi sak: abin da na'urar ke aunawa ɗalibai sun kusanci ƙa'idarsa, abin da ba ta aunawa kuma sun gaza a kansa. Illar ita ce ɗalibi yana iya kammala fim ɗin da yabo, ya tashi da yaƙinin ya iya, alhali hannunsa bai iya ba.

Dalili na uku shi ne tabarau ɗin kansa. Rufe ido da ya ba salon ƙarfinsa shi ne kuma ya raba ɗalibi da jikinsa. Ba ya ganin hannuwansa. Abin da yake gani hoto ne da aka riga aka ɗauka, wanda komai a cikinsa daidai yake ko da nasa hannun a karkace yake. Idan ya lanƙwasa gwiwar hannu, ko ya ɗora tafinsa a kan ciki, ko ya zauna nesa har kafaɗunsa ba su hau kan hannuwansa ba, babu mai gani balle ya gyara masa. Malami kuwa da kallo ɗaya zai kama kafaɗarsa ya matso da shi.

Bayan waɗannan, akwai ƙananan matsaloli guda biyu. Wasu mutane sukan ji jiri ko tashin zuciya idan suka ɗaura irin wannan tabarau. Sannan fasahar ba ta da tsawon rai. Kamfanin Google ya fito da tabarau na kwali a 2014, ya daina sayar da shi a 2021. Resusci Anne kuwa ta haura shekara sittin ana koyarwa da ita. Duk makarantar da za ta dogara da irin wannan manhaja ya kamata ta sa wannan a lissafi.

Daɗin daɗawa, duniyar da fim ɗin ya zana duniyar Birtaniya ce, inda ake kiran lamba 999 a sami mai amsawa ya riƙa ba da umarni, motar asibiti ta taso, kuma ana iya samun na'urar girgiza zuciya a rataye a wuraren taruwar jama'a. A duk inda waɗannan suka yi ƙaranci, lokacin da ran mutum zai dogara da hannun mai agaji kaɗai yakan ƙara tsawo. Ke nan raunin fim ɗin ya fi yin illa a wuraren da rahusarsa ta fi jan hankali.

4.8 Iyakar Gwajin

Adalci ya wajabta a faɗi cewa gwajin Lowlands shi ma yana da iyaka. Mahalartansa matasa ne, matsakaicin shekarunsu 26, kuma a wurin biki aka same su, har wasunsu sun sha barasa. An gwada su ne nan take bayan horo, saboda haka alƙaluman da aka kawo ba su nuna abin da zai rage a hannunsu bayan shekara guda ba. Haka kuma a kan mutum-mutumi aka yi jarrabawar, wanda ɗaliban malami sun riga sun saba da shi, ɗaliban fim kuwa ba su taɓa shi a lokacin horon ba.

Wannan hujja ta ƙarshe tana da ƙarfi, amma tana da baki biyu. Wanda zai ba da agaji na gaske shi ma ranar zai fara taɓa ƙirjin mutum, kuma ƙirjin mutum ya fi kusa da mutum-mutumi nesa ba kusa ba a kan matashin kai. Idan sauyi daga matashi zuwa roba ya rage wa ɗalibi ƙwazo, babu dalilin tsammanin sauyi daga matashi zuwa ƙashi da tsoka zai fi masa sauƙi.

Wani abin da ya kamata a yi wa fim ɗin adalci a kai shi ne abokin kwatancinsa. An kwatanta shi da malami, amma mafi yawan mutane ba su da malamin. Zaɓinsu shi ne fim ko babu. A minti 20 kacal, ba tare da malami ba, rabin ɗaliban fim sun cika ƙa'idar zurfi. Da babu gara ba daɗi, kuma masana sun yi ittifaƙi cewa dannawa mai rauni ta fi tsayawa kallo.

4.9 Matsayin Masana

Hukuncin manyan ƙungiyoyin wannan fanni ya yi daidai da abin da tarken ya nuna. A 2020 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ce ana iya yin la'akari da fasahar kamar-gaske wajen horo, amma ta ajiye wannan shawara a mataki mai rauni. A 2024 kuwa kwamitin haɗin gwiwa na duniya kan farfaɗo da zuciya, wanda aka fi sani da ILCOR, ya ba da shawarar kada a dogara da fasahar ita kaɗai wajen horar da masu agaji. Tun kafin haka, a 2017, Yeung da abokan aikinta sun gwada fim ɗin Lifesaver na farko a kan ɗaliban sakandare a Birtaniya, suka yanke cewa cikakken amfaninsa yana fitowa ne idan aka haɗa shi da koyarwar malami. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gyaran da ya fi dacewa, bisa dalilan da aka kawo a 4.7, shi ne a cire matashin kai a saka mutum-mutumi mai auna zurfi a ƙarƙashin hannun ɗalibi, a haɗa ma'aunin da hoton da yake gani. Sai dai yin haka zai dawo da tsadar da aka gudu tun farko. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba darasin biyu: ɗalibi ya fara da fim a gida domin sani da sabo da yanayin, sannan ya zo aji na ɗan gajeren lokaci domin horar da hannu kawai. Wannan zai rage wa malami aiki ba tare da an cire shi ba.

4.10 Kammalawa

A wannan babi an yi tarken fim ɗin Lifesaver VR ta fuskar jigo da zubi da tsari da salo, sannan an auna shi da ma'aunai uku, wato sani da ƙarfin hali da ƙwarewar hannu. An ga cewa jigonsa ya dace da koyarwar masana, kuma salonsa ya kawo ruɗanin ainihin yanayi cikin darasi, abin da mutum-mutumi bai taɓa iyawa ba. An kuma ga cewa tsarinsa na zaɓi yana sauƙaƙa wa ɗalibi fiye da kima, kuma ya gaza wajen koyar da zurfin dannawa saboda matashin kai ba ya turjewa, waya ba ta auna hannu, tabarau kuma ya hana ɗalibi ganin jikinsa.

Hukuncin da aka yanke shi ne fim ɗin ya cancanci zama darasi na farko, amma bai isa a ba mutum shaidar iya farfaɗo da zuciya a kansa shi kaɗai ba. Ya kamata kuma masu shirya irin wannan fim su faɗa wa ɗalibi a ƙarshensa, a fili, cewa ba a auna zurfin hannunsa ba, kuma ya nemi mutum-mutumi ya gwada. A babi na gaba za a duba tabarau mai barin ɗalibi ya ga hannunsa da mutum-mutumi tare da bayanan da kwamfuta ke ɗorawa a kai, domin a ga ko ya magance raunin da aka gano a nan.